Irin da Ba a Binne Ba: Muridi, Waya da Son a Sani

Godiya ta tabbata ga Allah, wanda babu wani motsi na zuciya da yake ɓuya gare Shi. Tsira da aminci su tabbata ga Shugaban halitta, Annabi Muhammadu (SAW), da alayensa da sahabbansa. Allah Ya ƙara yarda ga Maulana Shehu Ahmadu Tijjani da halifofinsa, da dukkan waliyyan Allah na fili da na ɓoye.

Bayan haka, akwai wata tambaya da ta shigo zawiyoyi tare da shigowar babbar waya: shin muridi zai iya ɗaukar hoton ibadarsa, ko sadakarsa, ko ziyararsa, ya watsa wa duniya, aikin kuma ya tsira? Tambayar ta wuce birane. A ƙaramar hukumar Dogo-Dogo, cikin gundumar Dungass wadda aka cire daga Magaria a 2011, a kudancin jihar Damagaram daf da iyakar Jigawa, ƙauyen da wutar lantarki ba ta kai ba ma ba ya rasa mai cajin waya da faifan sola. Abin da aka ɗora a Kano da hantsi, kafin la'asar ana kallonsa a fadar matasa ana shan shayi. Wanda ya tafi cirani Kano ko Legas ko Aljeriya, hotonsa yana riga saƙonsa isowa gida. Saboda haka fitinar da ta sami ɗan birni ta sami ɗan ƙauye, wadda ta sami mai rawa kuma ta sami mai carbi.

Yarintar da ba ta shekaru ba

Ƙaramin yaro idan ya koyi tsalle, ba ya jin daɗin tsallen sai ya ce, Baba dube ni. Wannan ba aibi ba ne gare shi, domin bai san darajar kansa ba sai a idon iyayensa. Alamar girma ita ce ranar da zai ɗauki hauya ya nome gonar da babu mai ganinsa a cikinta, ya dawo gida bai ba kowa labari ba, domin ya san amfanin noman yana cikin gonar.

Jiki yana girma da kansa, amma rai ba ya girma sai da tarbiyya. Imam Busiri a ƙasidarsa ta Burda ya kamanta rai da jariri mai shan nono, wanda ba ya dainawa sai an yaye shi. Nonon da rai ya fi so shi ne kallon mutane da yabonsu. Akan sami mutum da furfura a gemu, da jikoki a tsakar gida, amma ransa yana nan yana cewa a dube ni. Wannan ce yarintar da ake gani a kafafen sada zumunta: mai jingina da motar da ba tasa ba, mai ƙirga damin kuɗin uban gidansa a gaban kyamara, mai wanka da ƙasa da gawayi don a yi dariya, mai zagin wanda ya haife shi don sunansa ya zaga. Hausawa sun daɗe da yanke hukunci a kan wannan da suka ce yabon kai jahilci.

Kada a ɗauka abin wasa ne da ba ya cutar da kowa. Ɗan ciranin da yake kwana a rumfar kasuwa amma ya aiko hoto a ƙofar benen wani, ya ɗora wa kansa nauyin da ba zai iya ɗauka ba, domin iyayensa za su jira aike daidai da hoton. Ya kuma sa ƙaninsa ya raina gonar gida, ya sayar da akuyar uwarsa ya bi hanya. Ya tabbata a Bukhari da Muslim cewa Annabi (SAW) ya kamanta mai nuna ya ƙoshi da abin da ba a ba shi ba da wanda ya sa tufafi biyu na ƙarya. Tufa ɗaya yana ruɗin mutane da ita, ɗayar yana ruɗin kansa.

Kasuwar da hajarta idanu ne

Ya kamata muridi ya san yadda aka gina waɗannan kafafe, domin wanda bai san tarko ba ba ya kauce masa. Kamfanonin da suka mallake su suna samun kuɗinsu ne daga talla, talla kuwa tana tsada gwargwadon lokacin da mutane suka ɓata suna kallo. Don haka aka tsara na'urar ta riƙa tura abin da ya fi riƙe ido gaba, ba tare da ta tambayi ko gaskiya ne ko ƙarya, ko mutunci ne ko zubar da shi ba. Facebook ya fito da maɓallin nuna so a 2009, TikTok ya bazu a duniya daga 2017, ya kuma buɗe ƙofar da masu kallo suke aika kyauta ga mai shiri kai tsaye, kyautar da ake iya mayarwa kuɗi. A da, mai neman suna yana hasashen abin da mutane suke faɗa a kansa. Yanzu an ƙirga masa shi da lamba, yana dubawa kafin ya yi alwalar asuba.

Wanda ya je kasuwar dabbobi ta Maigatari ya san dillali ba ya kiwon rago, abin da yake so shi ne a yi ciniki ya karɓi la'adarsa. Haka waɗannan kafafe suke, sai dai a wannan kasuwa mai kallo da wanda ake kallo su ne hajar.

Hukumomi sun yi ƙoƙarin tsawatarwa. A ƙarshen 2023 Hukumar Hisbah ta Kano ta gayyaci fitattun 'yan TikTok ta yi musu nasiha, kuma a farkon Maris 2024 saɓani kan salon aikin hukumar ya kai babban kwamandanta, Malam Aminu Ibrahim Daurawa, ya sanar da ajiye aiki, kafin a sasanta ya koma. A Nijar akwai dokar laifukan intanet ta 2019, kuma a watan Yuni 2024 aka dawo da hukuncin ɗauri na shekara 1 zuwa 3 ga wanda ya ɓata sunan wani ko ya zage shi ta waɗannan hanyoyi. Matashin Dogo-Dogo da yake neman mabiya da cin mutuncin mutane ya sani magana zarar bunu ce, kuma tana iya kai shi gidan kaso. Amma doka iyakarta zahiri. Tana iya kama mai zagi da mai tsiraici, ba ta da hannun da za ta kama wanda ya yi sujada don a gan shi.

Son a sani cikin farar riga

A nan ne maganar ta dawo zawiya. Abu ne mai sauƙi ɗan ɗariƙa ya kalli mai rawa a TikTok ya girgiza kai, amma laifi tudu ne, mutum yana taka nasa ya hango na wani. Mai rawa ya san rawa yake yi, wata rana kunya tana iya kama shi ya tuba. Wanda ya fi shiga haɗari shi ne mai sayar da ibada da yabo, domin yana zaton yana hidima ne.

Alamomin ba ɓoyayyu ba ne. Ana tsakiyar wazifa, an shimfiɗa farin ƙyalle ana Jauharatul Kamali, sai a ga hannu ya ɗaga waya yana zagaya fuskokin ikhwan, daga ƙarshe ya juyo da ita kan fuskarsa. Wani ya je Kiota Mauludi, ko Allah Ya hore masa zuwa Madina Kaulaha ko Fas, ya dawo da hotuna ɗari amma bai zauna sa'a ɗaya shi kaɗai da zuciyarsa a wurin ba. Wani yana kutsawa cikin jama'a, yana ture tsofaffi, don a ɗauke shi yana sumbatar hannun Shehi, ya ɗora hoton a matsayin shaidar kusanci. Wani bai gama Ahalari da Ishmawi ba ya riga ya jera wa sunansa laƙabi uku. Wani kowane mako yana da sabon mafarki da zai ba duniya labari, alhali ya zo a Bukhari cewa wanda ya ƙirƙiri mafarkin da bai gani ba za a kallafa masa ƙulla ƙwayar sha'ir biyu ranar Alƙiyama, ba kuwa zai iya ba. Wani kuma yana ɗaukar kalmomin ma'arifa da ya ji a majalisin tarbiyya ya zuba su a gaban waɗanda ba su san harshen ba, su yi musu mummunar fahimta, a zagi shehunai saboda shi, shi kuwa yana murna an yi ta tsokaci a ƙarƙashin rubutunsa.

Mafi zafi a cikinsu shi ne hoton sadaka. A shekarar da damina ta yi gardama, lokacin da rumbuna suka ƙare kafin sabon gero ya nuna, dattijon da ya shekara hamsin yana ciyar da gidansa yakan wayi gari yana buƙatar tiya biyu. Idan aka tsayar da shi riƙe da buhu aka ɗauke shi hoto, aka watsa har surukansa suka gani, an ba shi hatsi an karɓe masa sutura. Suratul Baƙara ta gargaɗi muminai kada su ɓata sadakarsu da gori da cutarwa. Hoton da zai sa mabuƙaci ya sunkuyar da kai a masallacin garinsu yana cikin cutarwa, ko da mai bayarwa bai furta kalmar gori ba.

Abin da ake asara

Imam Muslim ya ruwaito daga Abu Huraira (RA) labarin mutum uku da za a fara yi wa hukunci ranar Alƙiyama: wanda aka kashe a fagen fama, da wanda ya nemi ilimi ya karantar ya karanta Alƙur'ani, da mawadacin da ya ciyar a kowace hanya ta alheri. Kowanne zai ce don Allah ya yi, a ƙaryata shi, a ce masa ya yi ne don a kira shi jarumi, ko malami, ko mai kyauta, kuma an riga an kira shi. Abin tsoro a wannan hadisi shi ne ayyukan duk an yi su da gaske. Jinin ya zuba, karatun an yi, dukiyar ta fita. Abin da ya faru kawai shi ne mai aikin ya karɓi ladansa a duniya daga bakin mutane, bai bar komai a wurin Allah ba.

Manomin Dogo-Dogo ya fi kowa sanin wannan a aikace. Kafin ruwan farko ya sauka yakan yi binne, ya sa irin gero a busasshiyar ƙasa ya rufe da ƙafa, ya tafi ya bar wa Allah. Irin da ya rage a sarari kurciya da zabi su tsince, tururuwa ta kwashe saura. Yaron da ya riƙa tone ramin kullum don ya ga ko ya tsiro, shi ne zai kashe shi. Da irin wannan misali na shuka da ƙasa Ibn Aɗa'illah, wanda ya rasu a Alƙahira a 1309, ya karantar da muridai darajar rashin shahara a littafinsa na Hikam. Hawayen da suka zubo a lazimin dare iri ne. Daɗin da zuciya ta ji a zikirin Juma'a iri ne. Idan aka rufe su, suna yin saiwa su zama hali. Idan aka baje su a kan waya, idanun mutane su tsince, muridi ya wayi gari yana neman halin da ya ji jiya ya rasa, bai san inda ya zubar da shi ba.

Mutum biyu da suka guje wa suna

Uwaisul Ƙarni mutumin Yaman ne, bai sadu da Annabi (SAW) ba, ya kasance mai biyayya ga mahaifiyarsa. A cikin Sahihu Muslim, Annabi (SAW) ya siffanta shi ga Sayyidina Umar (RA), ya umarce shi da ya nemi Uwaisu ya roƙa masa gafara idan ya same shi. Umar yana halifa ya riƙa tambayar ayarin mutanen Yaman har ya gano shi. Da ya ji Kufa zai tafi, sai ya yi masa tayin rubuta wa gwamnan garin takarda a kansa. Uwaisu ya zaɓi ya zauna cikin talakawan da ba a san su ba. Bayan shekara, da labarinsa ya fara fita mutane suka farga da shi, sai ya bar wurin. Mutumin da Annabi (SAW) ya yi wa shaida da bakinsa ya ƙi takardar Halifa. Ina wannan, ina mai neman hoto ɗaya da Shehi don ya kafa hujja da shi?

Na biyu shi ne Imam Gazali. A 1095 yana kan kujerar karantarwa mafi girma a zamaninsa, a makarantar Nizamiyya ta Bagadaza, ɗalibai ɗaruruwa suna gabansa, sarakuna suna girmama shi. Ya binciki niyyarsa, ya ga neman matsayi da yaɗuwar suna ne suke motsa shi, kamar yadda ya bayyana da kansa a Al-Munƙiz. Ya bar kujerar ya fita, ya shafe kimanin shekara goma a keɓe. A cikin wannan zamani ya rubuta Ihya'u Ulumiddin, inda ya ware babi guda a kan aibin son matsayi da riya, ya bayyana cewa matsayi shi ne mallakar zukatan mutane, kuma rai yana iya son sa fiye da dukiya. Adadin mabiya da ake alfahari da shi yau wannan mallakar ce aka mayar lamba.

To, sai a jefar da waya?

Mai hankali zai iya cewa: idan salihai duk suka ɓuya, fili ya zama na masu shashanci da masu sukar waliyyai. Wannan magana tana da ƙarfi, kuma shari'a ba ta ce a ɓoye komai ba. Aya ta 271 a Suratul Baƙara ta yabi bayyana sadaka, sannan ta fifita ɓoye ta. An ruwaito daga Fudailu ɗan Iyad cewa barin aiki saboda mutane shi ma riya ne. Gazalin da ya gudu daga Bagadaza ya koma karantarwa a Naisabur a 1106, bayan ya yi jinyar zuciyarsa. Shehu Ibrahim Inyass ya yi tafiye-tafiye a ƙasashe da yawa yana kira a bainar jama'a, kuma tafsirin Shehu Ɗahiru Usman Bauchi ya shiga ƙauyukan Nijar da Najeriya ta rediyo da kaset, ya amfani waɗanda ba su taɓa ganinsa ba. Ɗan cirani a Tamanrasset da yake sauraron karatun malamin garinsu ta WhatsApp ya sami alheri ta wannan waya.

Ɗariƙa da kanta ta raba wannan gardama a cikin tsarin wuridanta. Wazifa ana yin ta cikin jama'a da murya a bayyane, haka zikirin Juma'a bayan la'asar, domin alamomi ne na haɗuwar ikhwan. Lazimi kuwa, istigfari 100 da salati 100 da hailala 100 safe da yamma, kowa yana yin nasa ne shi kaɗai a asirce. Wanda ya riƙi wannan tsari ya koyi cewa akwai abin da ake fitarwa don jama'a su amfana, akwai abin da yake tsakanin bawa da Ubangijinsa. Ilimi, da sanarwar Mauludi, da kiran taimakon gina rijiya ko gyaran makarantar allo, hakkin jama'a ne a yaɗa su. Kuka, da mafarki, da halin zuciya, da tsayuwar dare, da fuskar wanda aka ba sadaka, waɗannan iri ne, wurinsu ƙarƙashin ƙasa.

Ma'aunin da muridi zai auna kansa

Kafin ya taɓa maɓallin aikawa, muridi zai iya yi wa ransa tambaya huɗu. Ta farko: da za a cire sunansa da fuskarsa daga wannan abu, amfanin ya isa ga mutane ba tare da an san shi ba, zai yarda? Ta biyu: da wani ɗan'uwa ne ya ɗora irin wannan karatu aka fi kallon nasa, zuciyarsa za ta yi farin ciki ko za ta yi ƙunci? Ta uku: bayan ya ɗora, sau nawa yake komawa ya duba lamba? Mai shuka don Allah ba ya tone rami. Ta huɗu: akwai wani aiki nasa guda, ko ƙarami ne, da babu wanda ya sani, ko matarsa, ko muƙaddaminsa? Wanda ya duba rumbunsa na ɓoye ya tarar babu komai, duk abin da ya noma yana kan waya, to ya ji tsoron ranar da za a ce masa an riga an faɗa.

Idan kuwa ya yi aiki don Allah, sai mutane suka gani suka yaba ba tare da ya nema ba, babu laifi a kansa. Da aka tambayi Annabi (SAW) game da wannan, kamar yadda Muslim ya ruwaito daga Abu Zarri (RA), ya bayyana shi a matsayin bushara ta gaggawa ga mumini. Yabon da ya zo da kansa kyauta ce, wanda aka fita farautarsa kuwa farashi ne.

Nauyin da yake kan manya

Matashin da yake ta ɗora hotunansa sau da yawa yana neman abin da ya rasa ne a gida da zawiya: babban da zai san sunansa, ya tambayi lafiyarsa, ya ba shi aiki ya ce Allah Ya yi albarka. Wanda aka gani a gida ba ya yunwar idon baƙi. Don haka gyaran ba zai yiwu da tozartawa ba, balle a ɗauki bidiyon kuskurensa a watsa da sunan nasiha, wanda shi ma wani son a sani ne. Muƙaddami ya kira shi gefe, ya ce masa ɗana, ya nuna masa da taushi. A ba shi hidimar da ba a ɗaukar ta hoto: sharar zawiya kafin asuba, cika randunan alwala, kai wa tsohuwar da ba ta da kowa itace. A yi ƙa'ida cewa idan an zauna wazifa wayoyi su shiga aljihu, idan akwai buƙatar ɗaukar karatu a wakilta mutum ɗaya da izini. Manya kuma su fara da kansu, domin yaro ba zai ajiye waya ba alhali yana ganin mai rawani yana gyara zama saboda kyamara. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma ba girin-girin ba, ta yi mai.

Allah Ya tsarkake zukatan ikhwan daga riya da jiji da kai da son shahara, Ya sanya ɓoyensu ya fi bayyanensu kyau, Ya shiryi matasan Musulmi a Dogo-Dogo da Damagaram da ko'ina, Ya karɓi ƙaramin aiki Ya yafe babban sakaci, albarkar Annabi Muhammadu (SAW). Amin.